Damina Guda Ina Gadin Jaka

Na san abin da kuka tashi kuna ji a kaina a Kona. Ba a faɗinsa a gabana, amma garin namu ba shi da girman da magana za ta ɓuya a cikinsa. An ce shekarar da kakanku ya kwanta ciwon ajali, ni ina can bayan teku wata baturiya ta riƙe ni, aka yi ta aike na ƙi zuwa. Shekaru na bar zancen yana yawo, don na gaji da shi tun kafin in buɗe baki. Yanzu gwiwoyina sun fara gardama, takarda ma sai na matso da ita kusa da hanci, shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda aka yi tun ina iyawa. Akwai baturiya a cikin labarin, wannan gaskiya ne. Amma ba ita ta riƙe ni ba, jakarta ce, koriyar jakar nan da ke rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakina, wadda na sha korar ku in kun taɓa ta. Da ma macen ce ta riƙe ni, da aƙalla mutane sun gane irin wautar da na yi.

Ba za ku fahimci zancen ba sai kun san kakanku, Baba Nomau. Rumbu biyu gare shi, ɗaya na cin gida, ɗaya na ajiyar mutane. Duk wanda zai tafi ci-rani a unguwarmu, wurinsa yake kai abin da yake tsoron bari: damin gero, garma, akwatin mata, har tsohuwar rediyo. Ina yaro wani Buzu ya bar masa sirdin raƙumi, ya ce wata biyu zai yi. Shekara tara sirdin nan yana cikin rumbu, duk rani Baba ya fito da shi ya shafa masa mai ya mayar. A shekara ta biyar wani ya zo ya ce shi ƙanen mai sirdin ne, ga kamanni kuwa har hanci. Baba ya ba shi fura, ya ba shi wurin kwana, ya hana shi sirdi. Sai da mai abin ya zo da ƙafarsa, ya tsufa yana ɗingishi, sannan aka buɗe rumbu. Ranar nan Baba ya dube mu ni da ƙanena Habu, ya ce:

"Hannun da ya ba ka, shi za ka maida ma. Ba ɗan'uwanai ba, ba abokinai ba, ko liman ne ya zo kak ka ba shi."

Da wannan maganar na girma, kuma ina alfahari da ita fiye da yadda nake alfahari da gonarmu.

Shekarar da nake ba ku labari, da aka gama girbi na yi shirin tafiya kamar kullum. Ina da wani damin iri na gero mai saurin nuna da na samo daga wani manomi a garin Sarkin Hausa, na ƙwallafa rai a kansa. Na ɗauka na kai wa Baba, na durƙusa.

"Baba, ga ajiya. Da ruwan farko ina nan, ni zan shuka shi a gayaunata da hannuna."

"Na amsa," in ji shi. Abin da ya faɗa ke nan, ya tashi ya kai shi rumbun ajiya da kansa.

Na saba zuwa Kwatano da Abijan, amma wannan karon wani ɗan Mayahi mai shago a Konakiri ya ja ni can. Na gwada sayar da shayi a bakin kasuwa, abin bai kankama ba. Sai mai shagon ya ji labarin wata mata a wani ɗan tsibiri da ke gaban birnin tana neman mai gadi, wanda ba ya shan giya kuma ba shi da dangi a kusa da za su riƙa cika mata gida. Haka na shiga kwale-kwale karon farko a rayuwata, ni da ban taɓa ƙetare ruwan da ya wuce tabkin bayan gari ba. Na yi amai har na ji tausayin kaina, masunta suna dariya, na sauka da rarrafe.

Tsibirin shiru ne, irin shirun da ke sa kunne ƙara. Babu mota, babu babur, sai ƙauyen masunta guda, masallaci ɗan ƙarami, bishiyoyin mangwaro da kwakwa, da rairayi fari inda kaguwa ke ta guje-guje. Gidan saukar baƙin, da suke kira oberji, yana can ƙarshen rairayin. Madam Fatu ce mai shi, 'yar ƙabilar Susu ce ƙaƙƙarfa mai murya, mijinta ya rasu ya bar mata ɗakuna huɗu da rijiya. Aikina in share tsakar gida, in ja ruwa in cika bokitan wanka, in ɗaura gidajen sauro, in tayar da injin wuta da magariba, in kuma sa ido. Baƙin namu ba irin turawan da kuke gani cikin manyan motocin ma'aikata ba ne. Samari ne da 'yan mata, kowa da ƙatuwar jaka a baya har ta fi kansa tsawo, takalmin soso a ƙafa, fata ta ƙone ta yi ja tana saɓulewa. Ɗaki ɗaya gado takwas, wani bisa wani, kowa ya faɗa inda ya samu. Su wanke tufafinsu da kansu su shanya, su ci shinkafa da kifi da manja a kwano ɗaya da mu, su kwanta cikin ragar da muka ɗaure tsakanin bishiyoyi suna karatu wuni guda. Yau su rungumi juna har da hawaye suna rubuta adireshi, gobe wasu su sauka daga kwale-kwale a sake sabon abota. Shayina ne ya sa suka san ni. Da la'asar na kan hura gawayi, su kewaye ni su sha na farko da na biyu da na uku, suna yaba mini kamar ni na ƙirƙiri sukari. Wani dogo mai gemu ya taɓa tambayata, da faransancinsa da bai fi nawa ba, me ya kawo ni nesa haka. Na ce yunwa, na kuma tambaye shi nasa dalilin. Ya ce ya gaji da gida ne kawai. Na daɗe ina kallonsa, don ni ban taɓa zama a gida har in gaji da shi ba.

Lena tana cikin waɗanda suka daɗe. 'Yar siririya ce mai gashi kamar gemun masara, ba Bafaransa ba ce, daga wata ƙasa mai sanyi take da ban riƙe sunanta ba. Ta yi mako uku tana ninƙaya tana tsintar bawon katantanwa. Ba ta da raini, takan ce in koya mata gaisuwa, ta ce "ina kwana" da yamma mu yi dariya. Wata safiya, mangwaro ya fara ƙarewa, ta fito da jaka biyu, ƙarama a kafaɗa, babbar koriyar tana ja. Ta ce za ta hau duwatsun Futa, can cikin ƙasar, da ƙafa, babbar ta yi mata nauyi. Madam ta tafi sayen kifi, ni kaɗai ne a tsakar gida. Ta ɗauki igiyar jakar ta sa mini a hannu, ta nuna yatsunta goma.

"Isuhu, kwana goma. Kai za ka riƙe mini, ko? Na yarda da kai."

Na ɗora hannu a ƙirji, na ce da Hausa, "Na karɓa." Ba ta ji me na ce ba. Ta yi murmushi ta ruga don kwale-kwale na shirin tashi.

Kwana goma suka wuce, ashirin suka wuce. Baƙi suka yi ta raguwa, sama ta fara tara baƙin girgije ta wajen teku. Na riga na ɗaure kayana, ina jiran ta zo in miƙa mata abinta in kama hanya, don tafiyar gida ta fi mako guda, ta Bamako da Wagadugu da Yamai. Ana nan sai mai kwale-kwale ya kawo mini saƙo daga ɗan Mayahin nan, wai in zo shago ranar Alhamis, ƙanena zai kira. Lokacin waya ba ta shiga aljihun kowa ba. Sai Habu ya hau amalanke ya je Tasawa, ya shiga ɗakin buga waya, ni kuma in ƙetare ruwa in jira. Na kulle jakar a ɗakina na tafi. Muryarsa ta zo daga nesa tana yankewa.

"Yaya, Baba ba shi lahiya. Ƙahwahunai sun kumbura, ba shi cin komi sai ruwan hura. Mun kai shi likita, sun ce mu maido shi gida. Ka taho."

"Ina tahe, Habu. Akwai ɗan abin da nika jira, kwana kaɗan ne."

"Mi kaka jira? Hadari ya soma taruwa nan ma."

"In na zo ka ji."

Ban faɗa masa ba, don ko a bakina maganar ba ta yi daɗin faɗi ba. Na koma tsibiri, na tarar da Madam Fatu tana kwance ragogi tana naɗe katifu. Da damina babu baƙi, rufe gidan take yi ta koma wurin danginta a birni har ruwa ya ɗauke. Ta ce in ina son zama in yi gadi, ga shinkafa ta bar mini, in kuma gida zan tafi, limamin ƙauye zai riƙe makulli. Na gaya mata halin da nake ciki duka, na Baba da na jaka. Ta tsaya da katifa a hannu tana kallona, sannan ta ce in biyo ta. Ta buɗe wani ɗan ɗaki bayan kicin da ban taɓa shiga ba. Jakunkuna ne jibge har rabin bango, ja da shuɗi da baƙi, duk funfuna ta rufe su, ɓera ya yi gida a ciki.

"Ka gani? Kowace ɗaya mai ita ya ce mini mako guda. Jefa taka a kai ka tafi ka ga ubanka."

Yau in na tuna ɗakin nan sai in ji kamar in mari kaina. Matar nan ta nuna mini gaskiya ƙiri-ƙiri: su waɗannan mutanen in kaya ya yi musu nauyi ajiye shi suke yi su wuce, kalmar "zan dawo" kuwa sallama ce kawai a wurinsu. Amma ni ba abin da na gani ke nan ba. Abin da na gani, amanar bayin Allah ce aka bari tana ruɓewa, har na ji Madam ta ragu a idona. Na ce a raina, ɗan Nomau ba zai ƙara tasa a kan wannan tulin abin kunya ba. Na ce mata a hannuna aka sa, a hannuna za a karɓa. Ta tafa hannu, ta yi magana da Susanci wadda na tabbata ba yabo ba ce, ta miƙa mini makulli.

Ruwan can ba irin namu ba ne da ake roƙo. Yakan sauko kwana uku ba tsayawa, kamar da bakin ƙwarya, rufin kwano yana ƙara har mutum ba ya jin tunaninsa. Komai ya jiƙe, ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya zama ruwa, tabarmata ta yi kore. Ɗakina yana yoyo ta wuri huɗu, sai na rataye jakar a tsakiya na lulluɓe ta da ledar da ya kamata in rufa da ita. In rana ta leƙo, in fito da ita in goge in shanya, in zauna kusa ina korar kaji. Ban taɓa zuge ta ba, ko sau ɗaya. Kwale-kwale ya koma zuwa sau biyu a mako, wani makon ma teku ta hana. Duk ranar da zai zo ina tsaye a bakin ruwa tun hantsi, ina leƙen kan da ke da gashin masara, sai in ga buhunan shinkafa da mata da jarkokin manja. Masunta suka sa mini suna mijin jaka. Ina zaune cikin wannan ruwan da ba wanda yake so, ina lissafin gida: yanzu an yi shuka, yanzu ana noman farko, yanzu gero ya kai gwiwa. Limamin ƙauyen, dattijo mai kirki, ya same ni bayan sallar Juma'a ya ce in kawo jakar ya sa a ɗakinsa, in yarinyar ta zo shi zai ba ta, haƙƙin uba ya fi wannan. Na yi masa godiya. Amma muryar Baba tana cikin kunnena, shi da bakinsa ya ce ko liman ne kada in ba shi.

Sau ɗaya na kusa tsira. Na goya jakar a bayana kamar baƙin namu, na ƙetare, na je har tashar motocin Bamako, na tsaya a gaban mai yankan tikiti. Sai na hango yarinyar a raina ta sauka a tsibiri, an ce mata ai mai gadin ya gudu ƙasarsu da kayanki. Ɗan Nomau ɓarawo. Ƙafata ta ƙi gaba. Na juya na bi kwale-kwalen yamma na koma, mai tuƙi ko tambayata bai yi ba.

Kira na biyu ya zo gero yana fitar da kai. Wannan karon Habu bai ko gaishe ni ba.

"Yaya, ka hwaɗa mini gaskiya. Mutane na cewa mace ka samu."

"Ba mace ba ce. Ajiya ce anka ba ni, mai ita ba ta dawo ba."

"Ajiyar mi? Zinariya?"

"Jaka ce. Ban san abin da ke ciki ba."

Sai na ji muryar uwarku Rabi. Ashe ta biyo shi a amalanke, da goyon babbarku a baya, ita da ba ta taɓa riƙe kan waya ba. Tana magana da ƙarfi kamar mai kira daga gona.

"Malam, kana ji na? Kullum da sahe sai Baba ya tambaya ko motar Tasawa ta shigo. In an ce ta shigo, sai ya ce a gyara mishi zama. Don Allah ka taho. Ni ban iya ce mishi ba ka ciki, Habu nika turawa."

Na ce mata ina tafe. Na faɗa har sau uku, ina kuka a gaban mutane cikin shagon ɗan Mayahi, kuma na koma tsibiri. Kada ku tambaye ni yadda aka yi mutum ya yi kuka irin wannan kuma ya koma. Na tambayi kaina fiye da yadda za ku iya. Abin da na sani, a lokacin gani nake in na saki jakar nan ba ni da fuskar da zan shiga ɗakin Baba da ita, ko yana da rai.

Ruwa ya ɗauke, Madam Fatu ta dawo, muka shanya katifu, baƙi suka fara sauka ɗai-ɗai. Wata ranar Talata da azahar ina jan ruwa a rijiya sai na ji an ce "ina kwana" a bayana. Lena ce, ta yi baƙi ta rame, da sabuwar jaka ja a bayanta, da wani saurayi riƙe da hannunta. Daga Futa ta wuce Mali, daga can ta bi wasu abokai har Senegal, yanzu za ta koma ƙasarsu ta ce bari ta nuna wa saurayin tsibirin da ta fi so. Na saki guga a rijiya. Na shiga ɗaki na ɗauko jakar da hannu biyu, na sa mata igiyar a tafin hannu yadda ta sa mini. Ta dubi jakar, ta dube ni. Sai da ta ɗan jima kafin ta gane ta.

"Kai! Tana nan? Na ɗauka an zubar tuntuni!"

Ta tuntsire da dariya, ta tsuguna ta zuge ta nan a tsakar gida, ta zazzage. Tawul guda, wando biyu da gwiwarsu ta yage, takalmin soso ƙafa ɗaya, gilashin ninƙaya, littafi da ya kumbura, da ledar bawon katantanwa. Ta ɗaga wandon tana nuna wa saurayin suna dariya. Ba ta ɗauki ko tsinke ba. Ta mayar da su, ta miƙo mini jakar, ta ce kyauta, ta ce ni mutumin kirki ne. Madam Fatu tana tsaye a ƙofar kicin, ta buɗe baki za ta gaya mata, na girgiza mata kai. Me zan ce wa yarinya? Ba ta cuce ni ba. Ta faɗi maganar da kowa ke faɗi a wurinsu, ni na ɗauke ta da nauyin da take da shi a gidanmu. Ban ji haushi ba ma a lokacin, gajiya kawai na ji, irin wadda ke sa mutum ya zauna a ƙasa inda yake tsaye.

Washegari na zuba kayana cikin koriyar jakar, don tawa ta ruɓe da damina, na kama hanya. Kwana tara na yi. Mota ta lalace mana kafin Bamako, aka tsare mu wuni guda a kan iyaka, na kwana a tasha a Wagadugu da Yamai. Daga Maraɗi na samu ta Tasawa, daga Tasawa na hau bayan babur. Gero ya nuna ko'ina, ana ta yanka. Da muka zo daidai gonakinmu na hango gayaunata, ita kaɗai ce fili tsakanin hatsin mutane, ciyawa har ƙugu. Tun kafin in sauka na ga tabarmi a ƙofar gida da mutane zaune jere. Sadakar bakwai ake yi. Baba ya cika kwana biyu bayan na bar tsibiri.

Na sauka da jakar baturiya a bayana, gaban duk dattawan Kona. Daga nan zancen da kuka ji ya samo asali, kuma ban ga laifinsu ba. Aka yi mini gaisuwa, na amsa abin da na iya. Habu ya miƙo mini hannu ya janye da sauri. Da aka shafa fatiha mutane suka ragu, ya shiga ɗakin Baba ya fito da wani abu a rungume, ya dire shi a gabana. Damin irina ne. Ƙwari sun cinye shi, ana taɓawa gari yana zuba.

"Ga ajiyarka. Sau ukku muna roƙo nai ya ba mu mu shuka maka, ya ce kai ka ce da hannunka. Da ciwo ya yi tsanani ya sa anka ɗauko shi daga rumbu anka aje kusa ga tabarmatai. Ya ce ba shi tahiya sai ya maida ma mai shi."

Rabi ta gaya mini daga baya cewa likita bai ba shi wata guda ba, amma ya yi huɗu, yana shan wuya, hannunsa a kan damin nan. Shekarar nan daga rumbun Habu muka ci, ni da uwarku da babbarku, har wata kaka. In kun ga baffanku Habu yana gaishe ni a tsaye ba ya zama, to ku daina jin haushinsa, ya biya abin da bai ci ba. Na tambaye shi a ranar ko ya gaya wa Baba abin da ya riƙe ni. Ya ce ya gaya masa. Na ce me ya ce? Ya tashi ya bar ni zaune.

Bai ba ni amsa ba sai bara, da muka dawo daga jana'izar wani tsaranmu, mu biyu a kan amalanke, jaki yana tafiya yadda ya ga dama. Ban ma tambaye shi ba, shi ya fara, yana kallon gaba.

"Ranar da na dawo daga Tasawa na hwaɗa mishi zancen jaka. Sai ya juya huska wajen bango, ya ce, 'Ni na koya mishi.' Bai ƙara ba."

Na ce da wace irin murya ya faɗa, ta yabo ko ta nadama? Habu ya ce shi ma shekarun nan duka abin da yake juyawa ke nan, bai sani ba.

Ni ma ban sani ba, kuma na gaji da juya shi. Ban ce ku zama maciya amana ba, gidanmu ba a san shi da haka ba, kuma ba na so a fara daga kanku. Amma ga ku nan kun warwatse, wani a Agadas, wani a Legas, wata a Yamai, kowa da waya a aljihu. In rana ta zo kuka ji an ce jikina ya yi tsanani, ko ajiyar wa ke hannunku, ku ba liman, ku ba maƙwabci, in babu kowa ku dire ta nan inda kuke tsaye ku hau mota. In da alhaki a ciki, ku bar mini shi, na ɗauka tun yanzu. Ni dai ku zo ina gane fuskokinku.